Juyen baƙin mai: da zafi ko da sanyi? Ni dai ga inda na tsaya



Na san wani zai ce, "Kai da muka sani da gyaran waya, me ya haɗa ka da baƙin mai?" Wuta ce ta haɗa mu. Duk mai shagon gyaran waya ko mai cajin waya a ƙasar nan rabinsa bakanike ne, ko ya so ko bai so ba. Ranar da janareta ya ƙi tashi, ranar babu ayon, babu buluwa, babu caji, babu kuɗin cefane. Kuma na san da yawa daga cikinku kuna da babur, wasu Adaidaita Sahu, wasu mota, wasu kuma janaretan gida da ake kunnawa da daddare don fanka da cajin waya. Saboda haka yau mu ajiye maganar sikirin da batir, mu taɓa wannan.

Abin da ya jawo rubutun nan musu ne da aka yi a ƙofar shagona. Wani maƙwabcina mai cajin waya ya fito da janaretansa da sassafe, injin ya kwana a kashe, ya kwance noti ya tara roba zai yi juye. Sai ga wani bakanike da ke bayan layinmu, babban yaya ne a wajenmu, Oga muke ce masa. Yana gani ya ce, "Haba ƙanena, wa ya koya maka juye da sanyi? Ai da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Sai inji ya yi aiki ya ɗau zafi sosai, kana kashewa ka kwance, duk dattin ya biyo man." Shi kuma mai caji ya ce, "Oga, ai ni gani nake yanzu ne duk man ya sauko ƙasa. In na tayar da shi, na sake watsa man sama ke nan." Kafin ka ce kwabo mutane sun taru, kowa da ɓangarensa, har da waɗanda ba su taɓa riƙe sifana ba.

Ni ra'ayina shi ne dukkansu biyun suna da rabin gaskiya, kuma ba na bin ko ɗaya. Da ɗumi nake juye. Ba da zafin da inji yake da shi lokacin da aka kashe shi ba, ba kuma bayan ya kwana ba. Na san wannan zai yi kama da maganar mai tsoron ɓata wa wani rai, amma ku biyo ni, akwai dalili, kuma ɗaya daga cikin dalilan yana nan a babban yatsana na dama har yau.

Mu fara da abin da Oga ya faɗa daidai. Mai yana tsinkewa da zafi, yana kauri da sanyi. Wannan ko a kicin an sani: duba yadda man shanu ko manja yake daskarewa da hunturu, sai an kai shi kusa da wuta kafin ya zubo daga kwalba. Baƙin mai ba ya daskarewa haka a yanayinmu, amma kaurinsa yana canzawa fiye da yadda mutane suke zato. Kamfanonin mai suna auna kaurin mansu a digiri 40 da kuma digiri 100. Ɗauki man 20W-50, wanda muka fi zubawa a babura da tsofaffin motoci. Kaurinsa a digiri 40 ya ninka na digiri 100 kusan sau tara. In ka sauko zuwa digiri 15, irin sanyin asubar watan Janairu a Kano, kaurin ya ninka na digiri 40 ɗin fiye da sau huɗu. To ka ga wanda ya kwance noti da asubar hunturu, abin da zai ga yana fitowa kamar zuma ne, a hankali, kuma mai yawa zai manne a bangon injin.

Amma ga inda lissafin ya fi daɗi. A digiri 60 kacal, kaurin man nan ya riga ya faɗi ƙasa da rabin na digiri 40. Ma'ana, yawancin ribar da kake nema daga zafi ka riga ka same ta tun inji yana da ɗumi. Daga nan zuwa digiri 100 abin da kake ƙarawa kaɗan ne: man da zai gama zuba a minti biyar zai gama a minti biyu ko uku. Minti biyu ke nan ka saya, kuma kuɗin da za ka iya biya shi ne fatar hannunka.

Mu masu gyaran waya mun san wannan darasi ta wata hanya. In za ka ɗaga sikirin ko murfin baya da aka manne da gam, ba ka ɓamɓararsa da sanyi, sai gilashin ya tsage. Ba ka kuma ƙure masa buluwa, sai ka ƙona sikirin ko ka kumbura batir. Zafi kake ba shi daidai yadda gam zai saki, ka tsaya a nan. Duk yaron da ya zo koyon aiki, a wannan wajen yake fara yi maka asara, domin yana ganin tunda zafi kaɗan ya yi amfani, zafi da yawa zai fi.

Shi ma mai caji ba shirme ya faɗa ba. Gaskiya ne inji in ya kwana, man da ke sama ya gangaro ƙasa gaba ɗaya, kuma in ka tayar da shi ka sake watsa shi. Wannan ne ma ya sa wanda ya kashe inji ya kwance noti nan take, ya ga mai ya zubo da gudu ya tsaya, ya yi maza ya ɗaure, bai fitar da man duka ba. Wani yana can sama bai gama saukowa ba. Gudun man ne ya ruɗe shi. Inda mai caji ya kuskure shi ne, ba mai kaɗai ne yake sauka cikin dare ba. Ɓurɓushin ƙarfe da laka mai nauyi su ma sun sauka, sun kwanta a gindin injin. Mai mai kauri da ke fita a hankali ba ya kwashe su, ta samansu yake bi ya wuce. Kamar ka dama kunu ka bar shi ya kwana, da safe ka tsiyaye ruwan sama, gasarar tana nan a ƙasa. Tayar da inji na 'yan mintuna shi ne motsa kunun.

Sai dai a nan dole in yi adalci, don kada in zama irin masu tsoratar da mutane a intanet. Man zamani yana da sinadaran da ke riƙe baƙin hayaƙi da ƙananan datti a cikinsa, ko da zafi ko da sanyi, shi ya sa ma yake yin baƙi. Kuma mota tana da filta da ke tare yawancin ɓurɓushin. Don haka mai motar da ya yi juye da sanyi, ya ba man lokaci ya tsiyaye sosai, ya canza filta, ya zuba mai mai kyau, wallahi babu abin da zai sami motarsa. Motar da ke shan lita huɗu da 'yan kai, 'yan cokulan tsohon mai da suka rage ba su ne za su kashe ta ba. Ko da wane irin zafi ka yi juye, ba ka taɓa fitar da man duka, kullum akwai saura a lungunan injin.

Inda maganar ɗumi take da nauyi shi ne a ƙananan injuna, irin namu. Janaretan shago mai injin Honda GX160 ko GX200, da ɗimbin 'yan China da aka kwaikwaya daga gare su, mansa lita 0.6 ne kawai, bai ma cika lita ɗaya ba. Ba shi da filtar mai, ba shi da famfon mai. Wani ɗan ƙarfe ne a jikin sandar fistin yake dukan man yana fantsama shi ko'ina. Duk dattin da ya shiga man nan ba shi da hanyar fita sai ranar juye. In ka bar shi a kwance a gindi, sabon man da ka sayo da kuɗinka shi zai kwashe shi a minti na farko ya ci gaba da zagayawa da shi. Littafin da Honda take haɗowa da waɗannan injuna ma abin da ya ce ke nan, a juye man lokacin da inji yake da ɗumi, domin ya fi fita da sauri kuma ya fi fita sosai. Ɗumi ya ce, bai ce tafasa ba.

Babur ma kusan haka yake. Mansa kusan lita ɗaya ne, kuma a irin baburan da muke hawa man nan guda shi yake yi wa inji aiki, ya yi wa giya, ya yi wa kuloci. Garin da kuloci yake saki yana cikinsa. Da yawansu kuma abin tace man ɗan raga ne kamar rariya, manyan ɓurɓushi kawai yake tarewa. To mai babur ya fi mai mota buƙatar ya motsa man kafin ya juye.

Wani abu kuma da masu kallon bidiyo a YouTube da TikTok ba sa lura da shi: yawancin masu wannan musu a can, a ƙasashen ƙanƙara suke. Mutumin Kanada ko Rasha in ya ce "inji mai sanyi", yana nufin injin da ya kwana a yanayin da ruwa yake zama dutse. Harafin W ɗin da ke jikin galan ma lokacin sanyinsu yake nufi. Mu kuwa a watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, babur ɗin da ke ajiye da rana tsaka ko ba a tayar da shi ba ya kai digiri 40, rana ta riga ta yi maka rabin aikin. Don haka da bazara minti biyu ko uku ya isa a motsa man. Da hunturu ne, ko ga mutanen Jos, ake buƙatar ƙara masa lokaci.

Yanzu bari in ba ku labarin yatsan. Shekara biyu da suka wuce, wata Asabar, janaretana ya yi aiki tun safe har bayan la'asar, sai aka kawo wuta. Na ce alhamdu lillahi, bari in yi amfani da damar nan in yi juye tun yana da zafi, kamar yadda na ji manya suna faɗa. Na kashe, na ɗauko sifana, na sassauta notin, na ƙarasa da hannu. Notin da kansa ya fara ƙona ni, ina ƙoƙarin sakinsa man ya taho da gudu ya wanke mini babban yatsa da manuni. Ruwan zafi in ya zubo maka yana gangarewa, shi kuwa mai mannewa yake, yana ci gaba da dafa ka kana yarfe hannu. Man injin da ke aiki yana kaiwa digiri 100, a injin da iska ke sanyayawa irin janareta da babur ma yakan wuce haka. Fata kuwa ko a digiri 60 daƙiƙu kaɗan take buƙata ta ƙone.

Kwana tara ban iya riƙe hantsaki ba. Duk wanda ya san aikinmu ya san da waɗannan yatsu biyu muke ci. Wayoyin mutane suna jibge a durowa, masu su suna zarya, wata baiwar Allah da na karɓi kuɗin sikirin ɗinta sai da na mayar mata ta kai wani wajen. Notin ya faɗa cikin robar man, washar da ke jikinsa ta ɓata, robar kuma ta lanƙwashe man ya malale a ƙofar shago, domin irin gorar ruwan nan da muke yankawa tun wajen digiri 70 take fara saki. Duk wannan don in ceci minti biyu.

Tunda maganar ta zo, in hakan ya sami wani, ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara wa wajen har kamar minti ashirin, ruwan famfo ko na randa, ba ƙanƙara ba. Ranar nan an ce in shafa man goge baki, an ce ɗanyen ƙwai, wani ma cewa ya yi in shafa sabon baƙin mai. Kada ka sa ko ɗaya. In wajen yana da faɗi, ko ya yi manyan ƙuraje, ko a fuska ne, a tafi asibiti.

Oga zai ce shi shekara da shekaru yana juye da zafi bai ƙone ba. Na yarda. Shi hannunsa ya yi kanta, ya san ta inda man zai fito, ya san yadda ake fizge noti a kauce. Kuma in za mu faɗi gaskiya, bakanike ba ya juye da zafi don ya fi kyau kawai, yana yi ne don mai babur ya iso da injinsa da zafi kuma yana sauri, ga wasu uku a layi. Dole ce ta zama al'ada, al'adar kuma ta zama "ilimi". Kai da kake yi a gida ko a shago, wa yake korarka?

Akwai kuma matsalar tiredi, wato haƙoran da noti yake shiga. Jikin waɗannan ƙananan injuna alminiyam ne, notin kuma ƙarfe. Alminiyam ya fi laushi. Mutumin da hannunsa ke ƙuna ba ya tsayawa ya saita noti da yatsa, cusa shi yake ya bi da sifana, ko ya hau a karkace. Sau ɗaya tak za ka yi haka tiredin ya cinye. Daga nan sai ɗigar mai, sai naɗa leda ko zare, sai neman mai sake yanka tiredi. Na ga janaretan da ya mutu a kan haka: yana ta ɗiga a hankali, mai shi bai lura ba, har man ya ƙare.

Ga yadda nake yi yanzu. Da safe kafin a fara aiki nake fito da janaretan waje. Waje fa, ba cikin shago ba, ba soro ba, domin hayaƙinsa yana da iskar da ba ta da wari ba ta da launi kuma tana kisa, kowa ya sha jin labarin iyalan da suka kwana da janareta a gida ba su tashi ba. Ina cire duk abin da ke jone da shi, musamman wayoyin mutane. In tayar da shi ya yi minti uku zuwa biyar, in kashe, in rufe makunnin fetur, in zare hular filogi. Sai in ba shi kamar minti biyar, man da ya fantsama ya sauko. Gwajina shi ne bayan hannu a jikin injin ta ƙasa, wajen da man yake zama. In zan iya barin hannuna a kai ina jin ɗumi sosai amma ba ya korata, ya yi. Kada ka gwada a salansa ko kan injin, su zafinsu daban ne. In kuwa injin ya yini yana aiki ne, ko ka dawo daga tafiya da babur, ka ba shi minti ashirin zuwa talatin, ka je ka yi salla ka dawo.

Kafin in kwance komai ina goge kewayen notin da murfin zuba mai da tsumma, saboda ƙasar da ke wajen kada ta faɗa ciki. In ɗora injin a kan bulo biyu a daidaice, in tara kwano na ƙarfe, in buɗe murfin sama don iska ta shiga, sannan in sassauta notin ƙasa. Zagayen ƙarshe ina tura notin ciki da yatsa ina juyawa, sai na ji ya saki in janye shi gefe lokaci guda. Daga nan sai haƙuri. Minti goma nake ba shi, in ɗan karkata shi ta ɓangaren ramin har ɗigon ya tsaya. A ganina wannan minti goman ya fi duk musun zafi da sanyi amfani. Wanda ya yi da sanyi ya jira rabin awa ya fi wanda ya yi da zafi ya ɗaure a minti ɗaya.

Kafin ka zubar da tsohon man, haska shi da fitilar wayarka. In ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin azurfa, ƙarfe ne yake cin ƙarfe a ciki. A sabon inji ana ganin haka a juyen farko, amma a tsoho alama ce ta a kai wa bakanike. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. In ya tsinke yana warin fetur, kafireto tana zubar da fetur cikin injin, kuma ko ka zuba sabon mai zai sake lalacewa. Wannan ma wata riba ce ta juye da ɗumi, domin abin da ke kwance a gindi ya taso ka gan shi da idonka.

Sai mayar da noti da washarsa, da hannu tukuna har ya zauna, sannan sifana kaɗan. Ba a hawa kansa da ƙarfi. A irin waɗannan janaretoci ana zuba mai har ya kawo bakin ramin zubawa, injin yana tsaye daidai ba a karkace ba. In ka karkata shi don ya ƙara sha, ya yi yawa, sai hayaƙi da jiƙa filogi. Ka tayar, ka duba ƙasa ko yana ɗiga. Mai mota kuma, don Allah kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, ko da zafi ko da sanyi.

Akwai wasu abubuwa da ake yi da sunan "fitar da datti duka" waɗanda sun fi juye da sanyi illa nesa ba kusa ba, kuma ban taɓa jin an yi musu a kansu ba. Wani in man ya gama zuba sai ya tayar da injin ko ya yi ta buga kik wai ragowar ta fito. Injin da babu mai a cikinsa kake juyawa, ƙarfe a kan ƙarfe. Wani ya zuba kananzir ko fetur ya girgiza wai wanki. Wanda ya rage a ciki zai tsinka sabon man, ga haɗarin gobara a kan inji mai zafi. Wani kuma a kai babur wajen mai faci a hura masa iska ta ramin mai. Iskar tankin nan akwai danshi a cikinta, bakin tiyon kuma a ƙasa yake yini. Cokali ɗaya na tsohon mai da ka fitar bai kai ƙurar da ka tura ba.

Babban abin da ke kashe mana injuna ma ba a nan yake ba. Lokaci ne. Ka'idar waɗannan injuna ita ce juyen farko bayan awa 20 ko wata ɗaya, daga nan kuma duk awa 100 ko wata shida, wanda ya riga zuwa. Mutane sai su riƙe "wata shida" su manta da "awa 100". Yi lissafi: shagon da ke kunna janareta awa shida a rana, a kwana 17 ya cinye awa 100. Wanda yake juye duk wata uku a irin wannan aiki, ya yi awa 540 da man da bai cika lita ɗaya ba, a cikin ƙurar hunturu. Irin wannan mutumin ne zai tsaya yana musu da kai a kan zafi da sanyi. Mai cajin nan da na ba ku labari, da na tambaye shi yaushe rabonsa da juye, sai ya hau sosa ƙeya yana cewa tun kafin azumi.

A nan wayar da ke hannunka za ta yi maka amfani. Ka ƙiyasta awa nawa kake kunnawa a rana, ka raba 100 da shi, ka sa tunatarwa a kalandar waya ta riƙa maimaita kanta. Mai babur ko mota ya ɗauki hoton mita ranar juye, hoton yana ɗauke da kwanan wata da kansa. Ya fi rubutu da alli a bango.

Sannan man da kansa. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi, ba ka san me ke ciki ba, wani tsohon mai ne aka tace. Ka sayi mai hatimi a wajen da ka yarda da shi, ka duba murfin ba a taɓa buɗewa ba. Littafin Honda 10W-30 ya fi ba da shawara ga waɗannan janaretoci, ka duba naka littafin in yana nan. Mai babur ya nemi wanda aka rubuta 4T da JASO MA a jiki, saboda wasu mayukan mota suna sa kuloci santsi. Kuma janaretan da ke da na'urar da ke kashe shi in mai ya yi ƙasa, in ya ƙi tashi ka duba man tukuna. Na ga masu gyara da yawa suna cire wayar na'urar su ce "ta cika fitina". Fitinarta ita ce take hana ka sayen sabon inji.

Tsohon man kuma kada a tuttular a kwata ko a ƙofar gida, a ƙasa yake nutsewa, ga rijiyoyi a unguwa. Ka zuba a galan ɗin da ka juye sabon, ka rufe, ka kai gareji, akwai masu karɓa. Ka wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba, domin yawan zaman tsohon mai a fata yana da illa.

Af, na kusa mantawa. Wani ya taɓa zuwa shagona da ƙaramin janaretan nan irin Tiger TG950, yana neman notin juye ya rasa, har ya fara kwance wani noti daban. Wannan ba a yi masa juye kwata-kwata, ba shi da ma'ajiyar mai. A cikin fetur ake haɗa masa man, wanda aka rubuta 2T a jiki, kuma yawancinsu awon 50:1 ne, wato mililita 20 a kowace lita ɗaya ta fetur. Ka duba murfin tankin naka, galibi an rubuta a kai, wasu ma murfin ne ma'aunin.

Gobe in Allah ya kai mu za mu koma kan waya, akwai maganar cajar da ke sa sikirin rawa in an jona ta a janareta.